Amsoshin Tambayoyinku: Auna Gargadar Iska da Balan-balan

Wasiƙun wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi: jijjigar da jirgin sama ke yi alhali babu hadari, da yadda masana ke auna ta. Mun haɗa masu kama da juna, mun taƙaita masu tsawo.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau da yawa jirgi na cikin tafiya, gari garau babu ko gajimare, sai ya kama jijjiga har a ce kowa ya ɗaura bel. Me ke kawo haka? Kuma an ce mini wai da balan-balan ake auna abin. Gaskiya ne? Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya aka gaya maka.

Iskar sama a jere take, shimfiɗa kan shimfiɗa, mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a bisa. Muddin jerin nan bai ɓaci ba, duk ƙullin iskar da aka tura sama zai komo mazauninsa, wanda aka danna ƙasa ma haka. Abin da ke ɓata jerin shi ne saɓanin gudu, wato shimfiɗar sama ta fi ta ƙasanta sauri, ko ta nufi wata fuska dabam. Sai iyakar da ke tsakaninsu ta fara lanƙwasa, ta yi tozo, tozon ya naɗe, ya karye, ya watse ya zama ƙananan guguwowi masu juyawa ta ko'ina. In jirgi ya ratsa wurin, fikafikansa su sha bugu ta sama da ta ƙasa. Gargadar da kake ji ke nan.

Akwai lambar da ake gwada wannan da ita, mai sunan Lewis Fry Richardson, masanin Ingila da ya yi aiki a kanta wajen 1920. Ana raba ƙarfin jerin da ƙarfin saɓanin. A 1961 John Miles da Louis Howard suka tabbatar da lissafi cewa in lambar ta wuce 0.25 a ko'ina, iska ba za ta karye ta wannan hanya ba. A tsayin da jirage ke bi, wajen kilomita 10, ana bukatar gudun iska ya canza da kimanin mita 20 a daƙiƙa cikin hawan kilomita guda kafin lambar ta sauko ƙasa da haka. Can sama, a sashen da ake kira sitiratosfiya, jerin ya fi ƙarfi, sai an ninka, wajen mita 40. Irin wannan saɓani ana samunsa a gefen zirin iska mai tsananin gudu, da kuma bisa manyan duwatsu.

Radar da ke hancin jirgi ɗigon ruwa da ƙanƙara take gani. Iskar da babu gajimare ba ta mayar mata da komai. Ga shi wuraren gargadar sirara ne: kaurinsu daga mita gomomi zuwa 'yan ɗaruruwa, faɗinsu kuwa kilomitoci. Jiragen fasinja da kansu suna aunawa, amma ba sa wuce kilomita 12 zuwa 13, kuma hanyoyinsu kawai suke bi. Balan-balan yana kai kilomita 30 har 35, yana hawa a hankali, yana ratsa shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya. Da shi ne Léon Teisserenc de Bort na Faransa da Richard Assmann na Jamus suka gano sitiratosfiya, suka sanar a 1902.

A sararinmu, da damina akwai zirin iska biyu masu tahowa daga gabas: ɗaya a tsayin kilomita 3 zuwa 4 bisa Sahel, ɗaya a kilomita 12 zuwa 15. Amma gargada mafi muni a nan daga hadari take fitowa. Hadarin da ya yi toroƙo ya haura kilomita 15 yana aika igiyoyin motsi nesa da jikinsa, su je su karye a inda ido ke ganin sama fes. Don haka ko an kashe fitilar bel, ka bar naka a ɗaure in kana zaune.

Tambaya: Ina karatun kimiyyar yanayi. Don Allah ku zayyana mana kayan da ake haɗawa da yadda ake sakin balan-balan ɗin, daki-daki. Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Madalla, ɗalibi. Daga sama zuwa ƙasa: balan-balan na roba zalla, lemar sauka, igiya naɗe a kan abin da ke warware ta sannu a hankali, sai na'urar da ake kira rediyosonde. Wadda aka fi sani a yau ita ce RS41 ta kamfanin Vaisala na ƙasar Finlan, nauyinta wajen giram 100. Tana da ɗan hannu siriri da ke ɗauke da ma'aunin zafi na filatinom da ma'aunin danshi, a cikinta kuma akwai GPS da abin aika saƙo a zangon megahaz 400 zuwa 406. Duk daƙiƙa tana aiko da awo guda. Ɗaruruwan tashoshi a duniya suna saki sau biyu a rana don awon ƙarfe 12 na dare da 12 na rana agogon GMT, wato ƙarfe 1 a Nijeriya da Nijar. Ana saki tun da saura kamar minti 45 zuwa awa guda.

Da farko a ɗora na'urar kan teburin gwaji, a tabbatar awonta ya yi daidai da na ƙasa, GPS ya kama, eriya tana jin ta. Sannan a koma rumfar cikawa. Ɗauki balan-balan mai giram 600, kayan da zai ɗauka giram 300. Ana so ya rage masa ƙarfin ɗagawa na kimanin giram 900 zuwa kilo 1 bayan ya ɗauki kansa da kayansa. Sai a rataya nauyin giram 1,200 zuwa 1,300 a bakin bututun cikawa, a buɗe gas a hankali. Da zarar balan-balan ya fara ɗaga nauyin daga ƙasa, a rufe. A zafi irin na Kano, lita 1,000 ta haidurojin, gas marar nauyi da ake cika shi da shi, tana ɗaga wajen kilo 1, saboda haka zai sha kusan lita 1,900, faɗinsa ya kai mita 1.5. A ɗaure wuyan, a naɗe shi biyu, a sake ɗaurewa. Sai an sami izinin masu kula da zirga-zirgar jirage kafin a saki.

Gudun hawa da ake nema mita 5 ne a daƙiƙa, kimanin minti 100 ke nan zuwa kilomita 30. A can matsin iska bai fi kashi 1 cikin 80 na ƙasa ba, balan-balan ya kumbura ya kai faɗin mita 6, ya fashe, lema ta buɗe. In gas ya yi yawa, ya yi sauri ya fashe da wuri, awon kuma ya yi tazara. In ya yi kaɗan, iska ba ta wanke ma'aunin zafi sosai, rana ta ɗumama shi ya ba da ƙarya, wani lokaci ma balan-balan ya tsaya yana yawo bai fashe ba.

A kula da robar. Maiƙon hannu, farce da zobe duk suna raunana ta, don haka da safar hannu ake taɓa ta. Roba da ta daɗe a ɗaki mai zafi ba ta kai ko'ina. Kuma a yankinmu, a tsayin kilomita 16 zuwa 17, sanyi yana kusan digiri 80 ƙasa da sifili. Da dare, babu rana da za ta ɗumama ta, robar kan sandare ta fashe a nan.

Abin da muka fi jaddadawa shi ne haidurojin. Hiliyom, ɗayan gas ɗin da ake cika balan-balan da shi, ba ya cin wuta amma yana da tsada, shi ya sa tashoshi da dama a Afirka ke haɗa haidurojin da kansu, ko dai da lantarki daga ruwa, ko da soda mai ƙuna da garin ferosilikon, wani haɗin ƙarfe. Haidurojin yana kamawa in ya kai kashi 4 zuwa 75 cikin 100 na iskar wuri, kuma ɗan tartsatsi ya ishe shi. Lokacin hunturu, da iska ta bushe ƙura ta yi yawa, jiki da roba suna tara lantarki. A haɗa bututun cikawa da wayar da aka binne a ƙasa, mai cikawa ya sa tufafin auduga ban da leda, a bar wayar hannu a waje, rufin rumfar kuma ya kasance da mafitar iska ta can ƙololuwa, domin gas ɗin sama yake taruwa.

Tambaya: Na duba bayanin rediyosonde, zafi da danshi da iska kawai na gani. Babu ma'aunin hargitsi, wato gargadar iska, a jikinta. To ta yaya ake fitar da shi? Daga wata malamar fiziks, Maraɗi.

Amsa: Malama, kin lura da kyau. Daga awon zafi ake tatso shi, ta hanyar da Stephen Thorpe ya fito da ita a 1977 don ruwa, da awon da ya yi a tafkin Loch Ness na Sikotlan. A 2008 Carol Anne Clayson da Lakshmi Kantha suka nuna za a iya ɗora ta kan awon rediyosonde.

Sai an fara gyara zafin. Busasshiyar iska in ta hau tana buɗewa, tana yin sanyi da kusan digiri 1 a kowace mita 100. Don a kawar da wannan, ana lissafa zafin da kowane ƙulli zai yi da za a sauko da shi zuwa matsin hektofaskal 1,000, wato kusan matsin iska a ƙasa. Mu kira shi zafin tushe. In iska a jere take, zafin tushe ƙaruwa yake yi kullum in ana hawa. Duk inda ya ragu, mai nauyi ta hau kan marar nauyi, alamar wani abu ya kifar da su.

Ga misali da za ki iya yi wa ɗalibai a allo. Awo biyar, tazarar mita 5, daga mita 10,000 zuwa 10,020, a ma'aunin Kelvin: 340.0, 340.3, 340.2, 340.1, 340.4. Jera su daga ƙarami zuwa babba: 340.0, 340.1, 340.2, 340.3, 340.4. Na farko da na ƙarshe ba su motsa ba. Na biyu ya haura mita 10, na uku yana wurinsa, na huɗu ya sauko mita 10. Ukun nan na tsakiya su ne kifewar. Ninka kowace tafiya a kanta: 100, 0, 100. Matsakaicinsu 67, tushen murabba'insa mita 8.2. Wannan shi ne tsawon Thorpe.

Sai ƙarfin jerin, wanda ake rubutawa da harafin N. Daga jerarrun lambobin, zafin tushe ya ƙaru da 0.4 cikin mita 20, wato 0.02 a mita. Ninka da 9.8, raba da 340, ɗauki tushen murabba'i, za ki sami N kusan 0.024 a daƙiƙa. Yawan ƙarfin da hargitsin ke cinyewa shi ne murabba'in tsawon Thorpe, sau N sau N sau N, sau wata lamba da Clayson da Kantha suka ɗauka 0.3. Ya ba da kimanin 0.0003 wat a kowane kilo na iska. Harkar jiragen sama tushe na uku na wannan adadi take amfani da shi, wato lambar da in an jera ta sau uku an ninka za ta ba da adadin, a nan wajen 0.065. A ma'aunin ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, na yanzu, matsakaiciyar gargada daga 0.20 take farawa, mai tsanani daga 0.45. Fasinja ba zai ma ji ta misalinmu ba.

Lissafin da sauƙi, shi ya sa ake yawan yin kuskure da shi. Babbar matsala hayaniyar na'ura ce. Kowane ma'auni yana ɗan rawa da kansa, ko da kashi kaɗan ne cikin ɗari na digiri. Inda jerin iska ke da rauni, zafin tushe kusan a tsaye yake, sai rawar nan kaɗai ta hautsina lambobin, kwamfuta ta ga kifewar da babu ita. Abin yana ƙaruwa da hawa, domin juya zafi zuwa zafin tushe yana ninka kuskuren kusan sau 2 a matsin hektofaskal 100, kusan sau 4 a hektofaskal 10. Richard Wilson da abokan aikinsa a Faransa sun fitar da gwaji a 2010 da 2011: a auna girman hayaniyar daga bayanan kansu, sannan a jefar da duk kifewar da bambancin zafinta bai fi abin da hayaniya za ta iya haifarwa ba. Wanda ya tsallake wannan mataki, rabin abin da ya ƙirga na iya zama rawar na'urarsa.

Na biyu, jinkirin ma'auni. Na RS41 yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa kusa da ƙasa kafin ya bi canjin zafi, amma a kilomita 30 ya haura daƙiƙa 2, domin iskar da ke taɓa shi ta yi ƙaranci. Daƙiƙa 2 hawan mita 10 ne. Ƙananan kifewa a sitiratosfiya, waɗanda galibi ba su kai haka ba, suna wucewa bai gan su ba.

Cikin gajimare kuma lissafin busasshiyar iska ba ya aiki, saboda tururi in ya zama ruwa yana sakin zafi, sai an sake lissafi da danshi. In ma'aunin ya fito daga gajimare a jiƙe, ruwan da ke bushewa a kansa ya sanyaya shi, ya nuna wata babbar kifewa a saman gajimaren wadda ba ta faru ba. Mai aiki da awon damina ya sa ido a nan.

Ita kuwa lambar 0.3, kada a riƙe ta da ƙarfi. Wasu na ɗaukar 1, kuma gwaje-gwaje sun nuna tana sauyawa ƙwarai daga kifewa zuwa kifewa, domin sabuwar kifewa da wadda ta kusa mutuwa ba ƙarfinsu ɗaya ba. A ganinmu hanyar Thorpe tana da amfani in an tara sakin balan-balan ɗaruruwa ana neman a wane tsayi da wane wata hargitsi ya fi yawa. A ɗauki saki guda a ce ga ainihin ƙarfin gargada a wuri kaza, wannan ɗora mata kaya ne fiye da ƙarfinta.

Kada ki sa rai da yawa ga lambar Richardson daga rediyosonde ma. Na'urar tana lilo a ƙarshen igiya: igiyar mita 30 tana zuwa ta dawo cikin daƙiƙa 11, ta mita 55 cikin 15. Dole a tace wannan lilo daga awon GPS, tacewar kuma tana shafe duk wani saɓanin gudu da kaurinsa bai kai mita ɗari ko ɗari biyu ba.

Tambaya: Babu na'urar da aka ƙera musamman don wannan aiki? Daga wani injiniyan lantarki, Kaduna.

Amsa: Akwai, Injiniya, kuma za ta burge ka. Mafi kaifi ita ce waya mai zafi. Cibiyar Leibniz ta nazarin sararin sama da ke Kühlungsborn a Jamus ta ƙera wadda ta kira LITOS, ta fara tashi da ita daga Kühlungsborn a 2007, sannan daga Kiruna a arewacin Suwidin a 2008. Zuciyarta wayar tangistan ce mai kaurin maikiromita 5, wato kashi 5 cikin 1,000 na milimita, tsawonta ɗan sama da milimita guda. Da'irar lantarki tana riƙe ta a zafi ɗaya. Iska in ta ƙara gudu ta sanyaya ta, da'irar ta ƙara wuta nan take, ƙarin wutar shi ne awon. Ana karantawa sau 8,000 a daƙiƙa. A hawan mita 5 a daƙiƙa, awo guda ke nan a duk abin da bai kai milimita ba.

Me ya sa har haka? Andrey Kolmogorov na Rasha ya bayyana a 1941 cewa manyan guguwowi suna farfashewa zuwa ƙanana, ƙananan su ƙara farfashewa, har a kai girman da danƙon iskar kanta ke cinye motsin ya mayar da shi zafi. Gwargwadon ƙarfin hargitsi, gwargwadon ƙanƙantar wurin da farfashewar ke tsayawa. Kusa da ƙasa milimitoci ne, a kilomita 25 santimitoci. Sai a yanka bayanan gunduwa-gunduwa na 'yan daƙiƙoƙi, a duba a wane girma motsin ya yanke, daga nan a lissafa ƙarfin. Daɗin hanyar shi ne ba sai an san wuta kaza daidai take da gudu kaza ba, abin da ke da wuyar tabbatarwa a iskar da ta yi sirara. Haɗarinta kuma, lissafin ƙarfin yana jera wannan girma sau huɗu ya ninka shi a kansa: kuskuren kashi 20 cikin 100 wajen karanta girman yana ninka amsar sau 2. Wayar kuma ba ta jure komai. Ɗigon ruwa, ƙwayar ƙanƙara ko tsakuwar ƙura na iya tsinka ta, hazon da ya manne mata kuma ya canza yadda take sakin zafi. Abin aika saƙon rediyo in yana kusa da ita, ya zuba mata hayaniya.

Masu nazarin taurari nasu dabam ne, domin hargitsi ne ke sa tauraro ƙyaftawa ya ɓata hoton madubin hangen nesa. Suna sa sirarran wayoyi biyu masu sanyi a kan sanda, tazarar mita 1, su auna bambancin zafin da ke tsakaninsu har zuwa 'yan kashi cikin dubu na digiri. Da dare ake tashi da ita, saboda rana na ɗumama wayoyin ba daidai ba. Masanan jami'ar Nice ta Faransa sun yi amfani da irinta wajen tantance wuraren kafa manyan madubai a Chile da Antatika.

Mafi araha ita ce ta jami'ar Reading a Ingila, wadda Graeme Marlton da Giles Harrison da abokansu suka bayyana a 2015: ɗan ma'aunin jijjiga irin na cikin wayar hannu, a manna shi jikin rediyosonde, a auna yadda lilonta ke tsananta. Guguwowi masu girman mitoci take ji, kuma sai an gwada ta da wata na'ura ta ƙasa kafin lambobinta su yi ma'ana. In wata jami'a a yankinmu za ta fara, nan ya kamata ta fara.

Tambaya: Shi balan-balan ɗin, da girmansa, ba ya dagula iskar da ake son aunawa? Daga wata ɗaliba, Yamai.

Amsa: Kin taɓo inda ke yi wa masu wannan aiki ciwo, 'yar'uwa. Yana dagulawa ƙwarai.

Balan-balan yana gaba, na'ura tana bin sa a baya ta hanyar da ya riga ya keta. Kamar mai babur ne da ke bin babbar mota a hanyar burji, yana auna ƙura yana cewa garin ya yi hazo. Da igiyar mita 55 da hawan mita 5 a daƙiƙa, na'urar tana isa inda balan-balan ya bari bayan daƙiƙa 11 kacal, sawunsa bai lafa ba. Sawun kuma yana da zafinsa: da rana roba ta sha rana, iskar da ta goge ta ta fi ta kewaye ɗumi, da dare gas ɗin ciki yana sanyi saboda buɗewa, sawun ya fi sanyi. Ko wanne ya shiga ma'aunin zafi, hanyar Thorpe za ta ɗauke shi kifewa.

Abin da ke kawar da sawun gefe shi ne saɓanin gudu, kuma ana iya lissafawa. Ninka saɓanin da murabba'in tsawon igiya, raba da ninki biyu na gudun hawa. In saɓanin mita 5 a daƙiƙa ne cikin kilomita guda, wato 0.005 a kowace mita, igiyar mita 55 tana ba da kaucewar mita 1.5 kawai, alhali balan-balan a can sama faɗinsa mita 5 ne. Na'urar tana tsakiyar sawun. In aka tsawaita igiyar zuwa mita 150, kaucewar ta zama mita 11. Shi ya sa masu auna hargitsi ke sa doguwar igiya. Duk da haka, inda iska ta yi lif babu saɓani, ko iskar ta juya ta dawo da sawun, tsawon igiya ba ya ceto. Abin takaici, wuraren da bai kamata a sami hargitsi ba su ne na'urar ta fi nuna shi. Igiyar kanta da akwatin na'urar suna da nasu ƙaramin sawun.

A 2019 masu LITOS, Jens Söder da abokansa, suka wallafa binciken da ya nuna sawu ya gurɓata wani kaso na awon da aka yi lokacin hawa, har da nasu na baya. Maganin da aka koma gare shi shi ne a auna lokacin saukowa, ma'aunin yana kallon ƙasa, shi ne na farko da ke taɓa iskar. Ba a jira fashewa, domin faɗowa da lema a siraran iska tana da gudu da tangaɗi. Ko dai a tashi da balan-balan biyu, a yanke ɗaya a ƙololuwa, ɗayan da ba zai iya riƙe kayan shi kaɗai ba ya sauko da su a hankali. Ko a sa bawul a wuyan balan-balan ya rage gas, kamar yadda masu shirin HYFLITS na jami'ar Colorado a Amurka suke yi. Duk rahoton da kika karanta kan wannan fanni, fara da tambaya biyu: a hawa aka auna ko a sauka, kuma igiyar mita nawa ce?

Tambaya: An taɓa yin irin wannan aiki a ƙasashenmu? Daga wani ma'aikacin jinya mai sha'awar kimiyya, Damagaram.

Amsa: Malam, garinku ma yana cikin tarihin. A daminar 2006, ƙarƙashin shirin AMMA na nazarin damina a Afirka ta Yamma, hukumar sararin samaniya ta Faransa, CNES, da cibiyar binciken yanayi ta Amurka, NCAR, sun saki manyan balan-balan daga Damagaram. Sun yi ta shawagi a tsayin wajen kilomita 20, iska na kai su yamma zuwa tekun Atlantika, suna sako ƙananan na'urori masu lema a hanya. A Yamai kuma an saki wasu masu nazarin tururi da ƙanƙara a iyakar sitiratosfiya. Ba hargitsi ne ainihin abin da suka fita nema ba, amma shirin ya farfaɗo da tashoshin rediyosonde ko ya ƙarfafa su a wurare irin su Yamai, Agadas, Injamena, Tamale, Parakou da Abuja, tare da ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage ta wasu ƙasashen Afirka, da hukumomin yanayi na ƙasashen. Daga baya shirin Strateole-2 ya saki balan-balan daga tsibiran Seshel tun daga ƙarshen 2019, masu zagaya duniya ta kan layin da ya raba ta arewa da kudu a tsayin kilomita 18 zuwa 20 har tsawon watanni, suna auna igiyoyin motsin da hadari ke haifarwa.

Abin da ya fi damunmu shi ne ajiya. Tsohon tsarin aika rahoto, mai suna TEMP, yana zaɓar matakai 'yan gomomi ne daga awo sama da 6,000 na saki guda. Wannan ya isa hasashen yanayi, amma hanyar Thorpe ba ta da abin yi da shi. Awon daƙiƙa-daƙiƙa yana cikin kwamfutar tashar, kuma sabon tsarin BUFR yana iya ɗaukarsa. Bai fi 'yan megabait ba a saki guda. Tashar da ta adana shi, tare da rubuta nauyin balan-balan, tsawon igiya da lokacin saki, ta tanadar wa ɗalibanmu abin bincike kan sararin da awonsa ya yi ƙaranci ƙwarai a duniya, ba tare da an sayi ko ƙusa ba.

Tambaya: In irin wannan na'ura ta faɗo a gona, me mutum zai yi? Daga wani manomi, Katsina.

Amsa: Baba, kada hankalinka ya tashi. Farin akwati ne marar nauyi, da igiya da yagaggiyar roba, wani lokaci da lema. Ba ya fashewa, ba ya ɗaukar hoto, batiran ciki irin na tocila ne. Iska kan kai shi kilomita gomomi, har fiye da ɗari, daga inda aka sake shi. Abu ɗaya ne abin tsoro: in balan-balan ya sauko da sauran kumburinsa, mai yiwuwa haidurojin ne a ciki, don haka a nisanta shi da wuta da taba, a hana yara wasa da shi har ya sace da kansa a fili. A tattara igiyar da robar kada dabbobi su haɗiya, kada a jefa batiran a wuta. In akwai rubutu ko lambar waya a jikin akwatin, ko ka ga ya fi na kullum girma da wayoyi, ka sanar da mai unguwa ko ofishin hukumar yanayi mafi kusa, domin masu auna hargitsi sukan ajiye cikakken awonsu a katin da ke cikin akwatin.